Mai Raino a Gindin Tsamiya

Mun tashi da asuba daga Dogondutsi, ni da kawuna mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a bayan kamiyo, babbar motar kaya da ta girmi ƙasar Nijar nesa ba kusa ba. Baba ne ya aike mu ƙauyen kakarmu, can bayan Lugu, mu duba rainon da ake yi wa ƙanena tun da aka kai shi yaye. In rainon bai yi ba, kuma hannunsa ya kai kunne, a taho da shi lakwal. Inna kuwa ta ja ni gefe, ta ce kar in dawo ba ɗanta.

Rairayi ya haɗiye tayoyi sau ba adadi, har na fara zargin mu muka ɗauko motar. A hanya muka sha furar wata Bafulatana, mai tsamin da ya buɗe mini ido har yau.

Da rana tsaka muka isa, gari shiru, kowa na gona. A gindin wata tsamiya muka tarar da yara zaune, ba babba ko ɗaya. Ba mai kuka, ba mai faɗa. Ga rijiya a buɗe kusa. Wani jariri ya rarrafa wajenta, ya tsaya cak, ya juyo yana dariya kamar an kira shi. Iska ba ta motsi, amma reshe ɗaya yana lilo.

Da Kaka ta dawo, kawu ya duba ƙanena: ido garau, ba ƙurji, ya iya gaisuwa da ƙirga, ya fi ni ƙiba. Ya tambayi wa ke tsaron yaran.

"Mai tsaronsu tana nan," in ji Kaka.

Sai aka zo awo. Ƙanena ya ɗora hannun dama bisa kai, ya nufi kunnen hagu. Saura kaɗan yatsa ya taɓa, hannun ya ƙage. Kawu ya ja, ya ƙi. Na kama na ja da ƙarfin da zai tuge kuka, ya ƙi.

"Ba ni ba ne," in ji yaron, yana kallon saman tsamiyar. "Ta ce sai baɗi."

Kawu, mai Faransanci har cikin barci, ya yi salati da Hausa tsantsa. Ni na daure, na ce ai tatsuniya ce.

Kaka ta dube ni. "Kai maigidan, yi a hankali. Doguwar nan, aljanar tsamiyar, ita ta goye ka, kuma kai ka fi kowa yi mata fitsari."

Ban san sanda na hau kamiyo ba.

A gida kawu ya shaida wa Baba raino ya yi, yaro ne bai kai ba. Inna ta kwana biyu ba ta yi mini magana. Abin da na koyo: kafin ka auna raino, tambayi wa ke yin sa. Yanzu ko kunun tsamiya aka miƙo mini, sai na gaishe shi kafin in sha.