Famfon Inna Talatu

Ranar da aka kira Inna Talatu ɓarauniyar ruwa ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekarar da fetur ya gagari talaka ce, ina ƙaramin mai rubuta manhaja a wata ƙungiyar noman rani da ke wajen Bagwai. Kowace gona da famfonta mai sola, manhajarmu ke buɗe shi ta rufe shi idan layin mutum ya zo.

Rannan aka tarar famfon Inna ya yi ta zuba har ya kashe mata irin albasa, maƙwabta kuma ba su sami ko ɗigo ba. Allonmu ya nuna an rufe shi a kan lokaci. Shugaban sashenmu, Injiniya Bala, ya shaida wa kwamitin ƙungiya cewa na'ura ba ta ƙarya, da hannu aka buɗe. Nan take aka cire ta daga layi, ga ta da marayu.

Don sababbinku a wannan aiki: manhaja tana magana da famfo ta wata ƙofa da muke kira soket, kowace da lambarta. Idan ta aika umarni, sai ta bar mai jiran amsa a ƙofar, ta wuce wani aikin. Da aka sa ni gyaran wata matsala dabam, na gano ainihin abin da ya faru. Idan sabis ya yi nauyi, manhajar tana rufe ƙofar ba ta sallami mai jiran ba. Lambar ta koma kan famfon wani manomi, Malam Sule, shi ya ce a rufe yake, mai jiran ya rubuta amsar da sunan Inna. Umarnin rufewa bai ma isa famfonta ba.

Da na nuna wa Injiniya, ya daɗe yana kallon allon, sai salati yake. Muka gyara: a soke jiran, a tabbatar ya soku, sannan a rufe.

Muka je gidanta da maganar diyya. Ta saurare mu tsaf, ta ce, "Albasa ana sake shukawa, ɗana. Ku je inda kuka faɗa, ku warware."

Gaban kwamiti da jama'ar gari Injiniya ya tsaya ya warware. Tun daga ranar, idan yaro a wurin aiki ya ce mini rufe soket layin rubutu ɗaya ne kawai, ina zaunar da shi in ba shi labarin nan. Layi ɗayan ne ya sa aka daina amsa wa tsohuwa gaisuwa.