Ƙullin Da Na Yi Wa Aminina

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarar da ambaliya ta cinye gadar garinmu, har muka yi wata biyu muna zuwa kasuwar Bagwai ta zagaye. A lokacin ni mahaƙin rijiya ne, ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Abin da aka san ni da shi a ƙauyukanmu shi ne ƙulli. Idan na ɗaura wa mutum igiya zai sauka rijiya, iyalinsa ma hankalinsu kwance yake. Abokin aikina aminina ne tun ƙuruciya, mutum mai barkwanci, kullum yana tsokanata wai kafin in gama ƙulli ɗaya an yi shuka an yi girbi.

Ambaliyar ta kwashe injinan ban ruwa na manoman rani ta zuba su cikin dam. Wani tsohon sojan ruwa da ya dawo gida ya nemi masu zuciya ya koya musu nutso da tukunyar iska, muka je mu biyu. Kwana huɗu ya koya mana da kayansa a wuri marar zurfi, ya kuma ce idan za mu sayi namu mu jira ya raka mu. Sai aka yi masa rasuwa a wani gari mai nisa ya tafi, manoma kuma suka dame mu domin lokacin dashe ya matso. Muka tafi birni mu kaɗai, wurin wani mai kayan gwanjo, da niyyar sayen kaya sawu ɗaya mu riƙa karɓa-karɓa.

Yadda muke zaɓen garma haka muka zaɓi kayan: abin da ya fi kauri da nauyi shi ne mai kyau. Tukunyar ma ƙwanƙwasa ta na yi kamar tulu. Mai kayan ya nuna mana agogon da ke faɗin sauran iska, tunda na jikin tiyon numfashi ya mutu. Aminina ya yi dariya ya ce me zai yi da agogon da bai san azahar ba, ga shi babu mai karanta lamba a cikinmu, kuma mu a rijiya ƙirji ne ke gaya mana lokacin fita. Rigar da ake hura wa iska ta taso da mutum muka ce ta matsorata ce. Sai ɗamarar dalma, wadda ke sa mutum ya nutse. Na ɗauki mafi nauyi, amma na ga ƙarfen bakinta da yatsa ɗaya yake ɓallewa, raina bai so ba. Na tambayi ina mai ita na farko, mai kayan ya kau da kai ya ce ya daina buƙatarta. Ya kai mu inda aka cika mana tukunya, ya ba ni wata takardar Turanci a leda, na cusa a aljihu.

Da muka dawo na yanke ƙarfen nan, na sa baduku ya ɗinka zobba biyu a madadinsa, na zura igiya. Duk wanda zai shiga ruwa sai in yi masa ƙullin rijiya, wanda ja ke ƙara masa ƙarfi. Aminina ya ce to yanzu ko mutanen ruwa ne suka so ɗamarar sai sun aro wuƙa.

Kwana biyu muka yi muna gajeren nutso, muka fito da inji uku. Ban taɓa gaya wa iyalina abin da ke ƙasan dam ɗin ba. Tsohon ƙauye ne da ruwa ya haɗiye. Katangu sun narke amma ana gane inda zaure yake, kuma a tsakiya akwai wata tsamiya a tsaye, babu ganye ko ɗaya, tsofaffin komayen kamun kifi sun rataya a rassanta suna lilo a hankali. Ba ka jin komai sai numfashinka. Dattijon masuncin da ke tuƙa mana kwalekwale ba ya ratsawa ta kan tsamiyar sai bakinsa na motsi, ya ce kakanninsa a gindinta suke kwance.

Rana ta uku da hantsi, ruwan ya kwanta lumui, babu iska. Aminina ne da shiga. Na yi masa ƙulli, na ja na tabbatar, na ɗaura masa igiyar tsaro a kafaɗa kamar yadda muke yi a rijiya: ja uku na nufin a fito da ni. Ya ce in ajiye masa ɓarin gorona, ya sauka. Ba a jima ba kumfar da ke tasowa ta tsinke. Sai na ji ja uku. Na ja da ƙarfina, igiya ta tsaya cak, ta sarƙe a tsamiya.

Na faɗa ruwa haka nan, na bi igiyar gaba biyar. Na same shi a tsaye a gindin bishiyar, ya kwance igiyar tsaron, hannunsa biyu na kan ƙullina. Iskarsa ta ƙare, dalma ta riƙe shi a laka. Na kama ƙullin, ni da na yi shi, ya jiƙe ya zama kamar dutse. Faratana biyu suka ɓalle. Ta cikin gilashin fuskarsa yana kallona, babu fushi a idonsa. Da ya ga ƙirjina na bugawa sai ya sa tafin hannu ya tura ni sama.

Na sake komawa sau biyu da wuƙar masunci, ruwan ya gurɓace ban gan shi ba. Muka zauna a kwalekwale har la'asar, igiya na hannuna. Wallahi a lokacin, bayan awanni, na ji ja uku, a hankali, da tazarar da yake yi. Dattijon ya ce reshe ne ruwa ke kaɗawa, amma bai yarda ya taɓa igiyar ba. Washegari tsohon sojan ya iso ya fito da gawar aminina. Bai yi mini faɗa ba. Ya dubi zobban kawai ya tambayi wa ya yi wannan, na ce ni ne.

Bayan shekaru na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da na fara haɗa baƙi na kai wa malaminmu takardar nan ya fassara mini. A layin farko an rubuta cewa kada a taɓa ɗaure ɗamarar, an yi bakinta ne domin ya ɓalle da hannu ɗaya idan rai ya zo wuya. Tana aljihuna ranar da muka shiga ruwa.

Na san kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi, amma sakacin nawa ne. Duk mai sha'awar wannan aiki, kada ya je sayen kaya sai da wanda ya sani. Abin da ka ga kamar aibi ne, ka tambaya kafin ka gyara, domin gwanintar rijiya ba ta aiki a dam. Ka sayi agogon, ka koyi karanta shi.

Injina uku muka ceto. Na rasa aminina, 'ya'yansa huɗu sun rasa uba, na rasa farce biyu da jin kunnen hagu. Na rasa sana'ata kuma, domin har yau idan na zura guga a rijiya sai in ji an ja sau uku.