Baffa Diriye da Ƙofar da Ya Shafa wa Kore

Da hantsi, bayan ya ci lahoh, wainar mutanen garin, ya kora da shayi, Baffa Diriye yake buɗe rumfarsa a bayan kasuwar Hargeisa, ya jera gwangwanayen fenti, ya zauna wanke buroshi da kananzir. Rabin zanen da ke bangon shagunan unguwar nan aikinsa ne: raƙumi a wurin mahauci, ƙaton haƙori a wurin mai cire haƙori. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, hannu ya fara rawa.

Akwai kuma aikin da yake yi mana, mu da yaƙi ya kora muna yara, muka dawo da tumbi da ciwon gwiwa muka tarar an gina benaye inda gidajenmu suke. Ka faɗa masa yadda gidanku yake, ya zana maka a allo.

Abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne, zanen farko ba ya taɓa fitowa daidai. Mutumin da ke zana raƙumi har ka kauce kada ya yi maka tofi, yaya ƙofa za ta gagare shi? Warsame mai shayi, maƙwabcinsa, ya ce a gabansa wani direban tasi daga Oslo ya shigo yana cewa ba ya tuna komai, da ya ga zanen farko sai ya fita yana rantsuwa rijiyarsu a hagu take, har da sunan akuyar da ta faɗa ciki.

Bara na dawo da mahaifiyata, Hajiya Ambaro, daga Sheffield, ina hura hanci na cika mata buri. Ta leƙa ta tagar mota ta ce, "Guled, wannan ba garina ba ne. Yanko min tikiti." Ta daina fita, ta daina hira. Gara ta mutu a sanyi, in ji ta, can ko ba komai ta san hanyar asibiti. Can ɗin kuwa ba mu da sauran kowa.

Na je na kwatanta wa Diriye gidanmu. Da ya gama, na ja ta rumfar da sunan sayen tsaraba. Ta tsaya gaban allon, ta ƙura masa ido.

"Wane makahon ne ya yi wannan?"

"Ga ni nan, Hajiya," in ji Diriye.

"Ƙofata ce kore? Shuɗiya ce! Maigidana da kansa ya shafa, har ya ɓata rigarsa ta Juma'a."

"Allah ya huci zuciyarki. Itacen fa?"

"Wannan tsintsiyar? Bagaruwa ce, bawan Allah, a ƙarƙashinta ake mana kitso. Guled, ba ni kujera."

Wallahi tun farko na gaya masa ƙofar shuɗiya ce. Da na keɓe shi na ce, "Baffa, da gangan kake yi, ko?" sai ya dubi kaina ya ce, "Ɗana, kai ma sanƙon nan da gangan ka yi shi?"

Har yau ban sani ba. Abin da na sani, kullum da safe Hajiya tana rumfar tana kula da aiki, ta gyara taga yau, gobe ya ɓata katanga. Wasu tsofaffin da suka dawo sun fara zama tare da ita, ana musu a kan layin da mai madara yake bi. Da na tuna mata tikiti, ta ce, "In tafi in bar gidana a hannun mutumin nan?"

Baffa Diriye, gwanin kuskure, kai ne ka yarda a kira ka makaho shekara da shekaru, ba ka taɓa kare kanka ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu tsoho a gida da ya yi shiru, ku gwada: ku ambaci tsohon gidanku, ku ɓata wani abu, ku ja bakinku.

Ya ce in ya rufe rumfar zai ƙarasa allon a gidansa. Hajiya ta riga ta tambayi kwatance.