Dakta Barewa da Katanga

Kawuna, ƙanen Mama, mutum ne da bai ɗauki ƙofa a bakin komai ba. Tun yana ɗalibi ya yi fice a gasar tsalle, ya tara kofuna har matarsa ta mai da ɗaya mazubin cokula. Da ya zama malamin lissafi a jami'a ma bai sake hali ba. Ga ƙofar gida a buɗe, amma sai ka gan shi ya diro ta katanga, jakar takardu a hammata. Ɗalibai suka laƙaba masa Dakta Barewa. Ka ce ya yi kuskure a lissafi, dariya zai yi. Ka ce ya tsufa, kun ɓata ke nan.

Shekara da shekaru yana neman ƙarin girma, shugaban sashensu yana danne masa takardu. Wata safiya aka tsinci gawar shugaban a lambun gidansa, an rotsa masa kai. Maƙwabciya ta ce ta ga wani ya haura katanga, amma ba ta ga fuskarsa ba. Kowa ya san Kawu da shugaban ba sa ga maciji, don haka aka kama Kawu.

Hujja ɗaya lauyanmu yake da ita: katangar doguwa ce, Kawu kuma ya wuce sittin. Muka saya masa sandar dogarawa.

Mama ta ce, "Don girman Allah, ka zama tsoho na yini ɗaya tak. Ranka ake magana."

Ya karɓi sandar yana ɓata rai kamar an miƙa masa magani mai ɗaci.

A kotu lauya ya miƙe. "Ya mai shari'a, dubi dattijon nan. Gwiwoyi sun ƙare. Ko kwata ba zai iya tsallakewa ba, balle katanga."

Aka fashe da dariya. Na ga jijiyar wuyan Kawu ta tashi. Lauya kuwa sai ƙara gishiri yake, wai matakalar kotun ma sai da aka riƙe shi.

Kawu ya yi jifa da sandar. "Ƙarya kake! Akwai kututture gefen famfo. Taku ɗaya na yi a kai, ko rigata ba ta taɓa katangar ba!"

Lauya ya zauna a hankali, ya cire tabarau ya ajiye.

Aka yanke masa hukuncin rataya. Na ji haushinsa ƙwarai, na ce girman kai ne ya kai shi ya baro. Har yau kuma ina kewarsa, ko da yake ya raba 'ya'yan shugaban da ubansu.

A ziyararmu ta ƙarshe Mama ta tambaye shi, tana kuka, "Wai me ya hana ka yin shiru?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, 'yar marigayin tana zaune a layin gaba. Kowa ya yi dariya, ban da ita. Kallona take, tana jin tausayina."