Alhaji Maina, Wanda Ya Tsani Godiya

Duk wanda ya san Alhaji Maina mai injin casar shinkafa a Haɗeja ya san abin da ke ɓata masa rai, wato a gode masa. Kana fara “Allah ya saka” zai ɗaure fuska, ya ce shi ba mutumin kirki ba ne, ɗan kasuwa ne, a daina ɓata masa suna.

Ni na yi yawo. Na zauna a Jidda da Kumasi da Njamaina, na ga kamfanoni suna raba buhu goma su ɗauki hoto ɗari. Na ji yadda ake kiran son kai da sunan taimako a harshe uku. Sai da na dawo gida na ga mai taimako yana rantsuwa son kai ne.

A shekarunsa na ƙarshe wani katafaren kamfani ya kafa injin zamani a hanyar Birniwa, ya shiga zawarcin ma'aikatansa, musamman Bitrus, makanikensa mutumin Filato, wanda shi kaɗai ya san lagon tsohon injin. Gari ya ɗauka ranar da Bitrus ya tafi, Maina ya rufe.

Ana cikin haka matan unguwa suka kawo kuka, ƙaiƙayin injin yana shiga tukwanensu, yara suna tari. Ma'aikatan kuwa 'yan unguwar ne, har an fara yi musu habaici a wurin suna. Mutumin da goro ɗaya ke yi masa kwana biyu, sai ga shi ya kashe injin mako guda a tsakiyar kaka, ya gina rufaffen ɗakin tara ƙaiƙayi.

Na ce, “Babarbare, ashe kana da imani?”

Ya ce, “Bafillace, me ka sani banda nono? Wanda matarsa ta yi masa gori saboda injina, da safe tsakuwa zai bar mini a shinkafa.”

Da damina kogi ya ci jinga, ruwa ya shiga gidaje. Ɗansa Sadiku, wanda ya dawo da digiri, ya bugo huluna hana-salla masu sunan kamfani, ya ce a raba shinkafa a kira 'yan jarida, wai haka manyan kamfanoni ke yi. Maina ya saurare shi tsaf, sannan ya tambaye shi ina Bitrus ya kwana. Sadiku bai sani ba. Ashe a ajin firamare yake da iyalinsa. Ranar Maina ya buɗe wa iyalan ma'aikata sito, ya tura motocinsa da mazan su cika buhunan yashi a bakin jinga, albashinsu yana tafiya. Hulunan kuwa, tunda an riga an buga, ba ya ɓarna. Shi ya riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya, a kan babbar riga, har wurin ɗaurin aure.

Bayan ruwa ya janye, ina zaune wurin Maina Bitrus ya shigo ya durƙusa, ya ce mutanen sabon kamfanin sun yi masa tayin ninkin albashi. Maina ya ce ya tafi mana, wawa ne ke ƙin ninki, shi kansa da za su ɗauke shi da tuni ya bi su.

Bitrus ya ce, “Baba, na je na gani. Amma ni a kasuwa ko a coci, in na ce a wurinka nake aiki, kujera ake ba ni. Su ba su da wannan.”

Maina ya yi ta faɗa, wai an ɗaure shi da jijiyarsa, dole yanzu ya yi masa ƙarin albashi. Ya yi ɗin, yana mita. Da Bitrus ya fita, ya juyo ya ce mini, “Ka gani ko? Riba ce zalla.” Muryarsa dai ba ta fita sosai ba, ya ce mura ce.

Bara muka kai shi makwanci. Injin yana nan yana casa, masu saye daga Jahun har yanzu nan suke layi, Bitrus na kan aikinsa.

Ya Ubangiji, Kai ne masanin abin da ke cikin zukata. Kada Ka kama Maina da abin da bakinsa ya faɗa, Ka duba abin da hannunsa ya yi. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa.