Wadda ba ta gane ba ita ke riƙe alli

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙawata Barira, kuma bana ce karon farko da ranar ta zagayo ta iske ni ina dariya ni kaɗai a tsakar gida.

Barira ta bar 'ya guda, Fasuma, ni nake riƙonta. Bara Fasuma ta faɗi birebe, jarrabawar fita koleji. Bana ce damarta ta ƙarshe, in ta sake faɗuwa za a sallame ta daga lakwal, karatu ya ƙare ke nan. Wannan fargaba na yi shekara ina ɗauke da ita.

A shekarar tamu jarrabawar, Barira ce ta tara mu, 'yan ajinmu, a zauren gidansu nan Matameye. Ta shafe bango da baƙin fenti, ya zama tablo, wato allon rubutu, muna haɗuwa bayan la'asar. Dokarta ɗaya ce: wadda ba ta gane darasi ba ita za ta riƙe alli ta koyar da shi. Sauran tambaya kawai za su yi mata. Wadda ta yi suɓutar baki ta faɗi amsa, ita ke sharar zaure.

Ni lissafi ne dodona. Ranar farko ta miƙo mini alli ta ce, "Hajo, tashi." Na ce ai ni ce ban gane ba. Ta ce, "Shi ya sa." Na tsaya gumi na keto mini, masu ƙoƙarin ajinmu na cizon leɓe don amsa na yi musu ƙaiƙayi a baki. Daga "me ya sa kika raba?" sai "ina wancan ya tafi?" har na ga da idona inda nake ɓata. Ihun da na yi sai da uwar Barira ta fito da muciya a hannu, ta zaci kunama ce.

Yau ni malama ce a Tsauni. In an kira mu ƙarin horo, masana su yi ta bayanin koyo tsakanin ɗalibai da dogon suna na Faransanci, ina gyaɗa kai. Da Barira na nan da ta so abin ƙwarai, ta kuma cika su da tambaya. Amma da ta ga yadda Fasuma da ƙawayenta suka yi bitar bara, da ranta ya ɓaci: mai ƙoƙarinsu ta warware aiki, ta ɗauki hoto ta tura wa sauran a waya, kowa ta kwafe ta ce ta gane.

Shi ya sa bana na shafe bangon zaurena, na kafa musu dokar uwarta. Fasuma ta yi kuka a gaban tablo, tausayi ya kama ni na raɗa mata amsa. 'Yan banzan yaran nan ba su raga mini ba, sai da suka miƙo mini tsintsiya! Na share zaure suna tafi. Daga ranar suka riƙe abin da kansu, ba su ƙara nemana ba.

Ranar sakamako muka cika farfajiyar koleji, ana kiran sunayen waɗanda suka ci a lasifika. Sai na ji an ce Fasuma! Na rangaɗa guɗa, kallabina ya faɗi ban ko waiwaye shi ba. Wallahi rabona da irin wannan farin ciki tun ranar sunanta.

Ba wanda ya sa wa wata makaranta sunan Barira, hotonta ma ɗaya gare ni. Na daɗe ina tambayar kaina me ya rage nata a duniya. Na kutsa cikin taro don in rungume Fasuma, sai na iske ta riƙe da hannun ƙawarta Zali, wadda aka ce sai ta sake zama zagaye na biyu.

Fasuma ta ce mini, "Tanti, a ajiye guɗar tukuna. Zali ba ta fita ba, mun tafi zaure."

Allah ya jiƙanki, Barira. 'Yarki ta ci, kuma ko tsayawa ba ta yi na taɓa ta ba.