Malam Sahabi ya tafi ba mu ji hukunci ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura wa babur kaya zan fita gona, 'yarsa Asma'u ta kira ni daga Dingyadi. Malam Sahabi ya rasu bayan sallar asuba.

Har yanzu ban kwance kayan ba.

Waɗanda ba su san shi ba, shi ne ogana na farko lokacin da aka turo ni Bodinga a matsayin malamin gona. Ban san kowa a garin ba. Shi ya ba ni ɗakin zaurensa na zauna har na samu haya, shi ke goya ni a babur mu zaga gonakin albasa, kuma duk kwanon da Hajiya matarsa ta aiko ofis, cokali biyu ake sa wa.

Abin da kowa ya san shi da shi kuwa, son fim ɗin kotu. Na Hausa ne, na Indiya mai fassara ne, na Turawa ne, in dai akwai alƙali da lauya da mai ba da shaida, to Malam ya samu abin yi. Bayan la'asar sai ya ajiye wata tsohuwar laftof a kan benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaron ofis, mu kewaye shi. Da an fara waƙa ko faɗa sai ya tura gaba, ya ce a kai shi inda ake magana.

Na taɓa tsokanarsa, na ce Malam, mutum bai taɓa shiga kotu ba amma kullum yana cikinta? Ya yi dariya, ya ce:

"Murtala, nan waje in babba na magana ƙarami shiru shikai. Can ciki ko, har mai kuɗi ana ce mai zamna, ba a zo kanka ba. Shi ɗai nika zuwa kallo."

Daga baya aka mayar da ni Shagari, shi kuma ya yi ritaya ya koma gida Dingyadi. Ba a daɗe ba ciwon hawan jinin ido ya kama shi. An je asibiti Sakkwato, an yi ta ɗiga magani, amma ganin ya tafi gaba ɗaya.

Abin ya taɓa shi ƙwarai. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya ya rufe kansa a ɗaki. Ya daina fita majalisa, masallaci ma sai an matsa. Hajiya ta gaya min abinci sai ya ɗan taɓa ya ture, kuma duk wanda ya zo gaisuwa a ce masa yana barci. Ni ma haka aka ce min, har sau nawa.

Wata Asabar na biya wurin masu tura fina-finai a tashar Shagari, na sa aka zuba min na kotu a waya. Da na isa aka ce barci yake. Na ce ba komai, zan jira. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa, na kunna, na ƙure murya.

Fim ya yi nisa bai fito ba. Har na fara tunanin ko na ƙara masa baƙin ciki ne. Sai da lauya ya tasa wani mai shaida gaba da tambayoyi, na ji murya daga ciki:

"Wanga mutum ƙarya shikai. Ba ka ji muryatai na rawa ba?"

Can sai ga shi yana lalubo bango. Ya zauna kusa da ni, ya ce in mayar da shi farko.

Tun daga ranar nan, Asabar ta zama tamu. Aikina shi ne in zama idonsa: in gaya masa alƙali ya cire tabarau, wanda ake tuhuma ya sunkuyar da kai, uwarsa tana kuka a bayan kotu. Sauran duk shi ke gaya min. Yakan ce fim ɗin kotu ne kaɗai ba ya ha'intar makaho, don komai a baki yake.

Ba kullum yake canka daidai ba. Wani lokaci ya rantse mutum ba shi da laifi, a ƙarshe a kama shi dumu-dumu. Ba ya taɓa yarda. Sai ya ce alƙalin ne bai iya ba, shi ya ɗaukaka ƙara.

A hankali maƙwabta suka fara leƙowa, muka koma zaure. Gardama ta dawo, dariya ta dawo. Mutanen da ya ƙi gani su ne suka koma riƙe masa hannu zuwa masallaci. Hajiya ta ce min har ƙarin tuwo ya fara nema.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, muna tsakiyar wani fim na direban da aka ɗora wa laifin da ya ce bai yi ba. Lauyoyi sun gama, alƙali ya gyara zama, sai aka kira azahar. Na ce saura kaɗan, mu ƙarasa bayan salla. Ya dafa hannuna, ya ce:

"Bar shi nan. In munka ji hukunci yau, mi za ya maido ka?"

Ya sa aka ɗaura min albasa a bayan babur, ya rako ni har bakin hanya da sandarsa.

Asabar ɗin da ta wuce aikin rabon iri ya riƙe ni a Mandera. Na kira shi na ba da haƙuri. Ya ce kada in damu, kotu ta ɗage zama, amma in yi masa alkawari ba zan kalla ni kaɗai ba.

Fim ɗin yana nan a wayata, daidai inda muka tsaya. Ban buɗe ba, kuma ba na jin zan iya.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Sahabi. Ka sa haƙurin da ya yi da rashin gani ya zama haske a kabarinsa. Ranar da zai tsaya gabanka, ka sauƙaƙa masa hisabi, ka yi masa hukunci da rahamarka. Ka ba Hajiya da 'ya'yansa juriya.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya ɗan tsaya ya roƙa masa gafara.